Harsashin da Aka Rataya wa Yayanku

Dukanku kun tashi kuna jin ana ce wa yayanku Tela Mai Tsoron Ƙara. Wasu cikinku ma sun faɗa masa a fuska, ran suna ko ran biki, ana dariya shi ma yana tayawa, don shi mutum ne da ba ya riƙo. Abin da kuka ɗauka shi ne, ɗan fari a gidan maharba ya ƙare a kan keken ɗinki a kasuwar Magarya saboda zuciyarsa ba ta ɗaukar ƙarar bindiga. To, ba haka aka yi ba. Ina wurin, kuma cikin manyan da suke wurin ni kaɗai na rage. Sunansa dai ba zan rubuta ba. Ko yanzu da furfura ta cinye masa gemu bakina bai saba ba, hannuna ma ba zai fara yau ba. Kun san wanda nake nufi.

Abin ya faru ne shekarar da kamiyon gyaɗa, wato babbar motar kaya, ya mutu a cikin yashin hanyar Dungas, lokacin Nasara na mulki, kumandan na zaune a Magarya. Muna ƙauyenmu na kusa da Dogo-Dogo, ni da babanku da mahaifiyarsa Inna, yaron kuma yana rarrafe ya soma dafa bango. Naman daji ya yi wayo a shekarun nan. Gwanki da barewa sun san iyakar inda gajerar bindigar babanku take kaiwa, sai su tsaya nesa da haka kaɗan suna kallonsa suna tauna ciyawa. Yakan dawo da zabi ko zomo, ya ajiye, ba ya ko son a yi masa sannu. Da labarin kamiyon ya zo, sai ya tafi Mallawa ya ɗauko wani maƙeri da ake kira Ɗan Tanko, suka je suka daidaita da shofer, wato direban, suka ciro doguwar sandar ƙarfen nan da ke ƙarƙashin abin tuƙi, mai rami a ciki. Da ita Ɗan Tanko ya ƙera bindigar da kuka sani rataye a zaure, wadda ake ce wa Raƙuma. A tsaye ta kai babanku tsawo. Bakinta babban yatsa na shiga ya juya. Ba mai iya riƙe ta a hannu ya auna, sai an kafa gwafa a ƙasa an ɗora ta. Maganar takardar izinin bindiga ta kumandan kuwa, ban san yadda suka yi ba, na dai san gardi biyu, 'yan sandan kumandan, sun taɓa zuwa, suka shafa ta, suka tafi da cinyar nama.

Ranar da Ɗan Tanko ya kawo ta ina bayan darni ina surfe. Na rage ƙarfin taɓarya don in ji, saboda ni tun ina yarinya ba a yin abu kusa da ni ban so sanin yadda ake yinsa ba. Har duka na sha a kan haka a gidanmu.

"Wannan ba irin tsohuwar taka ba ce mai haɗiye duk abin da aka ba ta," in ji Ɗan Tanko. "Tsakuwa, ka bar wa zabi. Guntayen fartanya da ƙusa, ka bar wa gada in ta zo gabanka. Kada ka kuskura ka ɗura wa Raƙuma ƙarfe, zai kankare mata ciki, kuma da ya fita sai ya bi inda ya ga dama."

"Tagulla fa?" in ji babanku. "Akwai tsohuwar munduwa a ɗakin Inna."

"Kai dai kana neman tsohuwa ta tsine mana. Tagulla ba ta da nauyin da zai kai ta can. Dalma, ita kaɗai. Ga nauyi ga taushi, tana bin cikin bindiga kamar tuwo a maƙogwaro, in ta sami kafaɗar gwanki kuma sai ta baje. Guda ɗaya, mulmulalle, ka naɗe shi a tsumma mai maiƙo. Ba a yi mata ɗurin gayya."

Ya bar masa mazubi na dutse, ɓari biyu, in an haɗa su sai rami ya fito a tsakiya daidai bakin bindigar. Dalmar kuwa fatake ne suka kawo daga wajen Kano, a ɓoye cikin buhun kanwa.

A murhuna aka yi zubin farko, don shi ne murhun da ya fi samun iska. Ban taɓa ganin abin mamaki irin wannan ba. Abu baƙi-baƙi mai nauyi, an sa shi a kasko, sai ga shi ya narke kamar man shanu, an yaye dattin sama ya koma yana walƙiya kamar sabuwar dala. Babanku ya ɗiba da cokalin ƙarfe ya tsiyaya a mazubi, ya ɗan jira, ya buɗe, ya jefa harsashin cikin ƙwaryar ruwa ya yi cuu. Ɗigon da ya zuba a ƙasa kuma ya daskare ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar gero. Na tsuguna ina kallo har tuwona ya kama. Da aka gama, Inna ta sa hannu a ƙwaryar ta laluba ta ɗauko na farkon. Ta sa aka huda shi da basilla mai zafi, ta zura igiyar fata, ta ɗauki yaron ta ɗora a cinya ta rataya masa.

"Zo nan, angona," ta ce masa. "Ga naka. Ubanka ya tauna nasa, kakanka ya tauna nasa. Ka sha yawunka da shi ya san ka."

Ta kuma ɗebi ruwan ƙwaryar a tafin hannu ta ba shi, wai don kada ya tashi da firgita. Daga nan ta juyo ta gaya mini dokar, don ni baƙuwa ce a gidan maharba, mu manoma ne. Harsashin farko na sabon mazubi na ɗan fari ne. Yana wuyansa yana taunawa har haƙora su gama fita, yana nan har ya isa riƙe bindiga. Ba ya barin wuya sai ta bakin bindiga, kuma da hannun mai shi. In ya sami nama, a tono shi daga jikin naman a mayar masa a wuya, ya zama maharbi. In ya kuskure, harsashi ya tafi ke nan, daji ya ƙi shi, ba zai ƙara taɓa bindiga ba har ya mutu.

Raƙuma ba ta ba da kunya ba. Kafin kaka ta wuce babanku ya kayar da gwanki daga nisan da sauran maharba suka ce ƙarya ne, sai da suka je suka taka da ƙafarsu. Gida ya cika da nama, muna yanyanawa muna shanyawa a kan darni, maƙwabta na aiko yara da ƙore. Zubin dalma ya zama abin kowane mako, a murhuna, ƙwaryar ruwan kuma tana nan gefen randa, Inna na ba yaron duk sanda ta tuna.

Yanzu ku 'yan zamani kuna ɗaukar ɗan fari ku yi ta juyi da shi a gaban surukai, kuna kiran sunansa har da waƙa. Mu ba haka muka taso ba. Ɗan fari na kaka ne. Nono kawai nake ba shi, shi ma a ɗaki, in gama in miƙa. In ya faɗi a gabana sai in kau da kai, wani ya ɗaga shi. In aka ce yana da kyau sai in tashi in bar wurin. Amma ba wanda ya hana ni kallo ta wutsiyar ido, kuma kallon nan na yi shi har ya zame mini ciwo. Na san yawan numfashinsa in yana barci. Saboda haka ni na fara ganin abin, tun kafin kowa. Yaron da ya soma tatata daga randa zuwa turmi sai ya koma zama. Cikinsa ya ɗaure, ya yi tauri, sai ya kwana biyu bai yi kashi ba, in zai yi kuma ya yi ta murɗawa yana kuka. Tafin hannunsa ya yi fari. Ya daina son nono, abin da yake so kawai harsashin nan, kullum yana bakinsa, ya yi masa rami-rami da 'yan haƙoransa. Wata rana da yake barci na lasa, don in ji abin da yake ji. Akwai wani ɗan zaƙi-zaƙi a jikinsa, mara daɗi, mai tsayawa a harshe.

Inna ta ce haƙori ne. Aka yi jiƙon sabara, aka karɓo rubutu wurin malam, aka yi turare. Kada ku ɗauka ba ta damu ba. Tsohuwar nan goye take yini da shi, har bayanta ya sage, tana yi masa waƙar maharba. Ta fi ni iya nuna so, don ita an yarda mata.

Agwagina ne suka buɗe mini ido. Ina da su tun ina gidanmu, suna kiwo a bakin murhu suna tsintar abin da ya zuba, suna kuma tsoma baki a ƙwaryar nan. Sai na ga ɗaya ta saki fukafukai tana jan su a ƙasa, ƙafafunta ba sa ɗaukarta, kashinta ya koma kore. Ta biyu ta bi ta. Kajin Inna kuwa, da suke kwana su yini a bayan rumbu, ba abin da ya same su. Wannan ya tsaya mini a rai. Ciwon kaji in ya shigo gida ai ba ya zaɓe. Da ta uku ta soma, na sa aka yanka ta kafin ta mutu, na fige ta da kaina, na tsaga ƙundun. Cikin tsakuwar da ke ciki sai ga ɗigon dalma, sun goge sun yi sumul, wasu sun sirance kamar ɓawon gero. Na zauna da ƙundun a hannu ina jujjuya shi. Na tuna yadda agwagwar ke jan ƙafa, na ɗaga ido na ga yaron zaune a inuwa, an kafa shi a tsaye ya sulale.

Na fara kai wa Inna. Ba zan iya cewa jikanki ba, ba zan iya cewa ɗana ba, sai na ce mata, "Inna, dubi abin da ke kashe agwagi."

Ta duba, ta tsinci ɗaya ta murza. "To, ki riƙa share bakin murhu mana, 'yar nan."

"Suna shan ruwan ƙwaryar nan ma."

Ta dube ni. Ta gane sarai. "Agwagwa daban, ɗan maharbi daban," ta ce. "Wanda kike ci a hannunsa ya tauna nasa, ga shi nan garau. Kuma yarinya mai kunya ba ta lissafin abin da ke shiga bakin ɗan fari."

Na koma ɗaki, fuskata kamar an watsa mata barkono. Amma na yi ta tunani. Babanku ya tauna nasa, gaskiya ne, sai dai na ga nasa, yana cikin layunsa, ɗan ƙarami ne na tsohuwar bindiga, kuma ya yi baƙi ya yi tauri, kamar da wani abu aka gauraya shi. A zamaninsu ma dalma ba ta samuwa, sau ɗaya a shekara ake zubi. Mu kuwa kowane mako, a inda ake dafa tuwo.

Da la'asar babanku na zaure yana goge cikin Raƙuma da tsumma a kan sanda. Na kai masa fura, na ajiye ƙundun a kan faifai kusa da ita, a buɗe. Na durƙusa ban tashi ba.

"Wannan kuma fa? Sabuwar miya ce?"

"Ƙundun agwagwa ne. Ƙafafunta suka mutu, cikinta ya lalace. Su ukun da ke kiwo a murhu duk haka suka yi."

Ya tsinci dalmar ya auna a tafin hannu. "Asarar dalma," ya ce, yana murmushi. Bai gane ba tukuna. Na dubi ƙasa na faɗi abin da ban taɓa faɗa a gabansa ba.

"Akwai wani a gidan nan da ƙafafunsa suka soma mutuwa."

Tsumman ya tsaya a cikin bindigar. Bai sha furar ba. Ya tashi ya shiga cikin gida, ya tsuguna gaban yaron, ya kama harsashin ya duba ramukan haƙoran, ya ɗaga shi ya tsayar, ya sake shi a hankali. Yaron ya sulale. Sai ya ɗauki ƙwaryar ruwan ya fita da ita bayan gida ya kife.

Abin da ya biyo baya tsakaninsa da Inna a gabana aka yi, ina tankaɗe, ba wanda ya ce in tashi. Ya ce a cire, a ajiye masa a ɗaki har ya girma. Ta ce ba a taɓa yi ba. Ya ce to a naɗe shi a wani abu. Ta ce harsashin da bai sha yawun mai shi ba baƙo ne, ranar harbi zai ci amanarsa.

"Ka san ƙofar da yake fita," ta ce. "Guda ce. In kana gaggawa, ga bindiga can, ga daji can, ka kira Sarkin Baka ya shaida. Raƙuma ba ta kuskure, ka sani na sani. A tono shi a dawo mini da shi wuyan mijina, kowa ya huta."

Ta faɗa ne don ta rufe masa baki. Sai ya ce, "To, Inna. Jibi."

Da ranar ta zo, da hantsi na ɗauki igiya na ce za ni itace, na bi babanku da yaron daga nesa har fadamar da ke gabas da gari, na laɓe a bayan wata kalgo. Sarkin Baka na nan, wato shugaban maharban yankin, da wasu maharba, suna ta zolaya, wai yau za a ga maharbin da ke shan nono. Allah ya kawo gwanki bakin tabki, namiji, ƙato, kuma kusa, kusan da ko tsohuwar bindiga za ta iya. Na ga babanku ya kwance igiyar daga wuyan yaron, ya zuba albarushi, ya naɗe harsashin a tsumma ya tura shi da sanda. Ya kafa gwafa. Ya toshe wa yaron kunnuwa da auduga, ya zaunar da shi a cinyarsa ta hagu nesa da gindin bindigar, ya ɗora ɗan hannunsa a kan nasa yatsan da ke kan kunamar bindigar. Ni kuwa a bayan kalgo ban san abin da zan roƙa ba. In ya samu, dalma ta dawo wuya. In ya kuskure, an rufe wa yaron ƙofar gidan ubansa tun bai iya magana ba.

Raƙuma ta tashi. Tsuntsayen fadama duka suka watse. Ƙasa ta yi tsalle can gefen hagu, nesa da gwankin, shi kuwa ya juya ya shige daji ko ɗingishi babu. Sarkin Baka ya cire hularsa ya sosa kai ya mayar.

"Daji ya ƙi shi," ya ce. Ya ɗan dubi babanku. "Ko kuwa wani ya ƙi masa dajin."

"Harsashin da aka tauna ba ya tafiya daidai," in ji babanku. "Ka tambayi Ɗan Tanko."

Abin bai zo da sauƙi ba. Inna ta yi damina guda ba ta cin tuwon da na tuƙa, da ɗanta kuma gaisuwa kawai. Maharba suka sa babanku a waƙa, mai doguwar bindiga da gwanki ya yi wa gwalo. Da Sarkin Baka ya rasu, babanku kowa ke zaton zai gaje shi, amma aka tuna da ranar nan aka ba wani. Zubin dalma ya koma gindin kukar bayan gari, da kaskonsa da ƙwaryarsa, ba su ƙara shigowa gida ba. Yaron kuma a hankali cikinsa ya saki, jini ya dawo masa tafin hannu, kafin wata kakar ya soma bin awaki da gudu. Magana ce ta yi masa nauyi, ya daɗe bai fara ba, har yau kun san ba ya gaggawar ta. Ban ce na san tabbas dalmar ce ba. Ban yi makarantar lakwal ba, bokon nan ma da girmana na koya. Abin da na gani a ƙundun agwagwa da abin da na gani bayan an cire, shi na gaya muku.

Da aka haifi Sani, mai bi wa yayanku, aka yi sabon mazubi, don shi ne zai gaji bindigar. Ina kwance a ɗaki ina jin tsoro, sai ga Inna ta shigo da harsashin, an ɗinke shi ruf cikin jar fata, ita da kanta ta kai wa baduku. Ta rataya masa ba ta dube ni ba. "Yawu na ratsa fata," ta ce, ta fita. Na yi dariya na yi kuka. Da ta yarda da haka tun farko, da yayanku ne ya gaji Raƙuma.

Na daɗe ina son sanin abu ɗaya. Sai da muka tsufa, idonsa ya soma hazo, yana zaune a zauren nan ƙarƙashin bindigar, na tambayi babanku ko da gangan ya yi. Ya ce in kawo masa goro. Na kawo. Ya ce ai ya riga ya ba Sarkin Baka amsa, kuma gaskiya ce, harsashi mai rami-rami iska na kama shi. Na ce na yarda, amma ni na sha laɓewa ina kallonsa yana gwaji a bayan gari, kullum yakan runtse idon hagu ya ɗauke numfashi, ran nan kuwa idanunsa biyu a buɗe suke. Ya tauna goronsa ya ce, "Ke dai ba a yin abu kusa da ke." Iyakar abin da na samu ke nan har ya koma ga Allah.

Saboda haka in kun kai wa yayanku ɗinki, ku bar kiransa da sunan nan. Ranar da Raƙuma ta tashi a fadama, manyan maharba sun zabura, ni ma sai da na dafe kalgo. Shi kuwa yana kan cinyar ubansa, da auduga a kunne, ko ƙyaftawa bai yi ba. Hannu ya miƙa yana son ya kama hayaƙin.